Yatsu Uku na Kawu Elimo

Har yau in ka shiga mashayar da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Cairns ka tambayi abin da ya raba Kawu Elimo da yatsunsa uku, ce maka za a yi kifi ne. Wasu su ce tsufa. Ni na san ba kifin ba ne, ba kuma tsufan ba. Babban yatsana na dama ne ya ci nasa, ga shi nan kuma lafiya lau, da shi nake riƙe da biron nan.

Sunana Noeleen, sana'ata ɗaukar hoto da kyamara. A shekarar da abin ya faru ina da arba'in da ɗaya, na ƙarar da sha takwas daga ciki ina ɗaukar bukukuwan aure da tallan katifa, ina jiran ranar da za a ba ni aikin teku. Da Warwick Tully ya kira ni, bai yi min kara ba. Shi ne mai shirin kamun kifi na talabijin, shi ne kuma ke zama gaban kyamara, tsohon ɗan ƙwallon zari-ruga mai ƙaton wuya da fararen haƙoran da likita ya dasa masa.

"Mai ɗaukar hotona ne ya karya ƙafa, shi ya sa kika ji ni," ya ce. "Ban taɓa sa mace a bayan jirgi ba. Kika kuskura kika yi min amai a kan kyamara, ko kika bar kifi ya wuce, daga Cooktown za ki hau mota ki koma wa amarenki."

Na ce na ji. Na daɗe da koyon haɗiye irin wannan ba tare da ruwa ba.

Kwana tara aka ɗiba mana a jirgin Kyaftin Des Halloran, cikin Nuwamba, lokacin da manyan matan malin, kifin nan mai dogon baki kamar mashi, ke tahowa bakin duwatsun murjani na cikin teku. Kowa da wurinsa. Des yana can saman hasumiyar jirgin yana tuƙi, Warwick a ɗaure cikin kujera da sandar fatsa, Col mai girki yana riƙe da dogon sandan da ake soka wa kifi lamba kafin a sake shi. Kawu Elimo kuwa shi ne mai waya.

Mutumin tsibirin Badu ne, gajere, mai furfura, ba ya magana sai da dalili. Kaka talatin da huɗu ya yi a bayan jiragen malin, ba jirgin da ba a san sunansa ba daga Cairns har tsibirin Lizard. Ƙarshen igiyar fatsa wayar ƙarfe ce mai tsawon taku talatin, ita kuwa ba ta naɗuwa a jikin sanda. In mai kujera ya gama nasa wahalar ya jawo kifi kusa, sai mutum ya sa safar fata ya kama wayar nan da hannu, ya ja dabbar da ta ninka shi shida har gefen jirgi. Tun ranar farko ya nuna min yadda ake yi, don in san inda zan tsaya.

"Naɗi biyu ne, 'yata, ba a uku," ya ce, yana zagaya wayar a bayan hannunsa. "In ta fi ƙarfinki, ki miƙe yatsu kamar za ki gaisa, sai wayar ta zame ta tafi. Na ukun shi ke hawa kan 'yan'uwansa ya kulle. Wanda ya iya saki shi ke tsufa a aikin nan."

Shi kaɗai ne a jirgin bai taɓa tambayata ko jiri na ɗibata ba. Kullum da safe zan tarar ya ajiye min shayi a inda igiyar ruwa ba ta kaiwa.

Kwana huɗu muna jan koto, abincin da ake sa wa kifi a ƙugiya, ba abin da ya taɓa shi sai 'yan ƙananan da Warwick ya ce ko kyanwarsa ba zai nuna wa ba. Rana ta biyar, wajen ƙarfe biyu, Des ya kwarma ihu daga sama. Wata ƙatuwar malin ta ɗauki koto. Awa ɗaya da rabi Warwick yana nishi yana zagin uwar kifin, ni kuma ina ɗaukar hoto, jirgi yana ja da baya da ƙarfi, ruwa yana tsallako mana har gwiwa. Da wayar ta fito, Kawu Elimo ya miƙa hannu. Daidai nan wata igiyar ruwa ta watsa min gishiri a gilashin kyamara. Na danna maɓalli na tsayar, na goge da gefen rigata, na sake dannawa, na ɗaga.

Sai ga ta. Ban taɓa ganin abu mai rai da ya kai ta girma ba. Des ya rantse ta haura laba dubu. Ta fito daga ruwa gaba ɗayanta, taku goma daga hancina, dogon bakinta yana kaɗawa, tsohon nan kuma yana riƙe da ita, ƙafafunsa a kafe. Ta faɗa, ta sake tashi. A na uku ta juya kai ƙasa za ta nutse, ya miƙe yatsu ya sake ta, kamar yadda duk mai hankali zai yi. Igiya ta yi sako-sako, ƙugiya ta fita, ta tafi abinta ba lamba.

Na danna maɓalli na sauke kyamara cike da murna. Kawu Elimo ya cire safa yana haki.

"Kin samu, 'yata?"

"Na samu, Kawu!"

Na shige ɗakin ƙasa ni kaɗai don in fara gani kafin kowa. Abin da na tarar shi ne ƙafafuna. Takalmana, da jiƙaƙƙen katako, da muryata tana cewa na samu. Kowane mai kyamara ya san wannan cuta, ba kuma wanda yake yarda ta taɓa kama shi: jiƙaƙƙen yatsa ya danna sau biyu a wuri ɗaya, kyamara ta kama ta mutu nan take. Duk tsallen nan uku a kashe take. Da na danna don in tsayar, a lokacin ne ta fara ɗauka.

Na ji takun Warwick a matakala. Kafin ya ƙaraso na goge hoton ƙafafun.

"Nuna min kuɗina," ya ce, yana murza hannu.

Na nuna masa daƙiƙun ƙarshe kafin ruwa ya watso, inda bayan Kawu Elimo ya cika gilashi yana miƙa hannu ga waya. Ban shirya ƙaryar ba, ita ta zo da ƙafarta.

"Iyakar abin da ke akwai ke nan," na ce. "Ya tare ni. Tsalle biyu duk bayansa nake gani. Na matsa gefe in samu na uku, kafin in daidaita ya riga ya saki. Sauran ba shi da amfani, na goge."

Warwick bai tambayi komai ba. Gishiri ya cika masa ido a lokacin, bai ga inda kowa ya tsaya ba, Des kuma idonsa na kan kifi. Dama mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Ya haura sama yana huci, ina biye da shi.

"Kai, tsoho! Ka san nawa nake biyan jirgin nan kullum? Kifin shekara ya zo hannunka, ka tare min kyamara da wannan ƙusumbin naka, sannan ka sake shi kamar ka taɓa garwashi!"

"Nutsewa za ta yi, maigida," Kawu Elimo ya ce a hankali. "Na taɓa waya, a ƙa'ida an kama ta."

"Ƙa'idar banza! Kifin da kyamara ba ta gani ba, ba a kama shi ba. Tambayi Noeleen, ita ta ga komai."

Tsohon ya juyo ya dube ni. Ba harara ba ce, kallo ne kawai, na ɗan lokaci. Na sunkuya ina goge gilashin da ba abin da ya same shi. Shi kuma ya ɗauki safarsa ya shanya.

Daga ranar Warwick ya raɗa masa suna Sakau. "Sakau, miƙo min giya, ka riƙe ta da kyau." "Sakau, hannu biyu za ka sa wa cokalin nan." Da yamma jiragen kan yi hira ta rediyo, kowa ya faɗi abin da ya kama. Warwick ya karɓe abin maganar daga hannun Des ya ba da labarin yadda ya ga dama, har da kwaikwayon rawar hannu. Jirage goma sha biyu suna ji. Na ji dariyar mutanen da Kawu Elimo ya koya wa ɗaura ƙugiya tana fitowa daga rediyon.

Kashegari teku ta yi shiru, Warwick ya ce a yi na bokiti. Haka ake yi a kowane shiri irin namu, masu kallo ne kawai ba su sani ba. A ɗaura bokiti a igiyar fatsa a jefa bayan jirgi, ruwa ya cika shi ya yi nauyi, mai shiri ya zauna a kujera yana ja yana yamutsa fuska, a ɗauki fuskar kusa-kusa, daga baya a haɗa da hoton kifin gaske. Aikin Col ne ya riƙa fizgar igiyar don sanda ta yi rawa. Warwick ya ce a'a, Sakau zai yi.

"Ga daidai kai," ya ce. "Sa safarka, ka yi naɗinka. In bokitin ya yi tsalle kar ka ji tsoro, muna nan."

Col ya yi dariya don an dube shi. Kawu Elimo ya sa safa, ya durƙusa inda kyamara ba za ta gan shi ba, ya yi ta fizgar igiyar bokiti minti arba'in, Warwick yana ihun "Babba ce! Babba ce!" a saman kansa. Ni na ɗauka. Hoton ya yi kyau ƙwarai, kunya kuma ta hana ni cin abincin rana.

Da la'asar ina canza batir a bayan ƙofa na ji Des yana yi wa Kawu Elimo magana. Shekara goma sha tara suna tare.

"Elimo, ba na son faɗin wannan. Masu hayar jirgi biyu sun kira ni, sun ji zancen rediyo. Suna tambaya ko kai ne za ka riƙe musu waya baɗi."

"Me ka ce musu?"

"Na ce zan duba."

Na so in fito. Wallahi na so. Sai na tuna motar Cooktown, da amare, da yadda za a ce ai dama an faɗa, mace ce. Laifi tudu ne, na take nawa na zauna a kai. Da safe na tarar da shayina a inda ya saba ajiyewa.

Rana ta tara, ta ƙarshe, Warwick ya tara mu kafin a jefa koto.

"Yau ba mai sakin komai sai Noeleen ta ce ta samu. Ka ji, Sakau? Ba kai za ka yanke ba, ba Des ba. Bakinta za ka saurara."

Des ya buɗe baki, ya dubi wanda ke biyan man jirgi, ya rufe. Kawu Elimo ya dube ni ya ce, "Na ji. Ki ɗaga murya dai, 'yata, kunnen hagun ya yi nauyi."

Ƙarfe uku saura wata malin ta ɗauki koto. Ba ta kai ta farko ba, amma ta fi ta zafi, kuma Des ya matsa mata da jirgi don rana na gudu, ya kai mu kanta tun ba ta gaji ba. Minti ashirin waya ta fito. Na duba jan ɗigon da ke cikin gilashi sau uku, yana nan yana ci. Kawu Elimo ya kama. Ta cikin kyamara na ga hannunsa ya zagaya sau ɗaya, sau biyu. Na ga ya zagaya na uku.

Ta tashi. Rana tana bayana, ruwa yana zuba daga jikinta, tsohon yana gefe ɗaya na hoton, ita tana ɗaya gefen, waya a miƙe tsakaninsu. Shekara goma sha takwas nake jiran wannan hoton, ga shi na samu, na kuma san na samu. Kalma biyu ce kawai a bakina.

Ban faɗa ba. Na ce a raina bari in ƙara ɗaya, saboda tsaro, kar a je a duba a ga wani abu. Ta sake tashi, wannan ya ma fi kusa. Kwaɗayi ya karɓi wurin tsoro. Ta tashi na uku, na ji Des yana ihu daga sama, "Saki! Elimo, saki!" Tsohon bai saki ba. Ya juyo da kunnensa na dama wajena, bakinsa a buɗe, yana jira.

A na huɗu ta faɗa ta juya kai ƙasa.

"Na samu!" na ce.

Ya miƙe yatsu kamar zai gaisa. Wayar ba ta zame ba. Ta fizge shi ya bugi katakon gefen jirgi da ƙirji, hannunsa ya tafi ƙasa, na ji wata ƙara kamar an karya ɗanyen kara. Col ya yar da sanda ya rungume ƙugunsa. Da hannun hagu tsohon ya laluba abin yankan da ke rataye a wuyansa ya datse wayar da kansa. Ya zame ya zauna a cikin ruwan da ke ƙasa, ya riƙe safar dama, wadda ta yi wani irin lanƙwasa da hannun mutum ba ya yi. Bai yi kuka ba. Ruwan da ke kewaye da shi ne ya canza launi.

Sai da Des ya diro ya ture ni na gane ban sauke kyamarar ba.

Awa uku muka yi kafin Cooktown, daga nan jirgin sama ya kai shi asibiti a Cairns. A hanya Warwick ya yi ta cewa "Kai, abin tausayi," har ya cire rigarsa aka naɗe hannun. Da ya ga ba mai kallonmu ya matso kusa da ni.

"Kin ɗauki har wurin safar?"

Na ce na ɗauka. Ya matse min kafaɗa. Kafin mako ya zagayo ya aiko min da takardar aikin shekara uku, ya ce ko cikin maza bai taɓa ganin mai taurin zuciyata ba.

Sai da na kwana shida kafin na iya zuwa asibitin. Na tsaya a hanya na sayi mangwaro cikin leda, don na taɓa jin ya ce ya fi son na Nuwamba. Na same shi zaune a gado kusa da taga, hannun a naɗe ya yi ƙato kamar kan jariri. Babban yatsa da ɗan ƙaramin ne suka rage. Matarsa ta fita neman shayi.

"Sannu, Kawu. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Zauna."

Na zauna, na rasa inda zan sa ledar, na ɗora a cinya. Na fara ba shi labarin yadda jirage suke ta yabonsa a rediyo, har an daina kiransa da wancan sunan. Ya bar ni na gama.

"Kyamararki tana da 'yar jar fitila a goshi," ya ce.

Na dubi ledar da ke cinyata.

"Kaka talatin da huɗu ana ɗaukata hoto. Jafanawa, Amurkawa, kowa. In na kama waya nakan saci kallon fitilar nan, don in san ko wahalar da nake sha tana da amfani. Ran nan a mace take. Sai da kika sauke kyamara na ga ta kama, tana kallon takalmanki."

Da ƙyar na ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na ga yadda maigidan yake miki. Na ce wannan in ta faɗi ba mai ɗaga ta. Ni kuwa ina da suna, na ɗauka sunan zai iya ɗaukar ƙarya guda ɗaya bai karye ba." Ya dubi hannun. "Ashe ban iya lissafi ba."

Na fara kuka, irin mummunan kukan nan mai majina. Bai rarrashe ni ba, bai kuma kawar da kai ba. Ya jira na yi shiru, kamar yadda yake jiran kifi ya gaji.

"Abu ɗaya nake so in sani," ya ce. "Na ga fitilar tana ci wannan karon, tun daga farko. Tsalle huɗu na riƙe miki. A na nawa kika samu abin da kike so?"

Na buɗe baki. Na huɗun yana kan harshena, a shirye, har da dalilansa: rana, da ruwa a gilashi, da girgizar jirgi. Ya ɗaga naɗaɗɗen hannun tsakanina da shi.

"Kar ki ƙara min wata, Noeleen. Ba ni da sauran yatsun da zan riƙe ta."

Bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar.

"A na farko," na ce.

Ya gyaɗa kai a hankali, sau biyu, kamar an faɗa masa farashin abin da ya riga ya sani. Ya juya fuska wajen taga, inda ake hango jiragen malin suna shigowa tasha ɗaya bayan ɗaya. Na miƙe, na ajiye ledar a kan ɗan teburin da ke gefen gadon.

"Tafi da mangwaronki," ya ce, bai juyo ba. "Da hannu biyu ake fere shi."